Kwanon da Iya Ta Kife Mini a Ka

Wata ranar Lahadi cikin daminar 1974, ina 'yar shekara tara, na ɗauki kwanon tuwo daga gidanmu na Ƙofar Kuyambana zuwa gidan kakata Iya a Limancin Kona, kamar yadda na saba kowace yamma. Ciyayya ce tun kafin a haife ni: Inna ta tuƙa, a kai wa uwar miji rabonta, ita kuma ba ta taɓa maido kwano wayam ba, ko 'yar gyaɗa ce ko ƙuli-ƙuli sai ta jefa a ciki. Da safiyar ranar aka yi wa Baba baftisma a Wusasa, labari kuwa ya riga ni isa. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Iya, wadda kullum take tarbata da "ga ƙawata", ta karɓi kwanon, ta ɗaga faifai, ta je bakin kwata ta juye tuwon da miyar kukar kakaf. Ta dirje kwanon da toka, ta ɗauraye, ta kife mini shi a ka yana ɗigar ruwa. Ta ce, "Ki gaya wa ubanki na riga na yi zaman makokinsa."

Na koma gida ina kuka har da majina. Baba yana zaure da allura a hannu, don shi maɗinkin manyan riguna ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wa Inna gobe ma a zuba na Iya. Haka aka yi gobe, haka jibi, haka har damina ta zagayo. Masu kawo masa aiki suka riƙa zuwa suna karɓe rigunansu, wasu ma ɗinkin bai kai rabi ba, sai ya koma noman wata 'yar gona a bayan ganuwa. Dawa ta yi mana ƙaranci, ƙanena Garba yana kankare ƙanzon tukunya, kajin Iya kuwa suna ta ƙiba da tuwonmu. Idan na je rijiya mata su janye gugansu, idan na shiga 'yar gala-gala 'yan mata su watse, yaran lungu kuma suka sa mini suna mai ciyar da kwata. Wallahi na tsani kwanon nan, na tsani Iya, har Baba ma ina jin haushinsa.

Ni dama bakina ba ya shiru. Wata rana muna tsinkar wake a gona na tambaye shi, in da gaske Ubangiji yana da shiri a kanmu kamar yadda yake faɗa kullum a addu'ar safe, wane irin shiri ne ke ƙarewa a kwata. Bai tsawata mini ba, bai kuma yi kamar ya sani ba. Ya ce, "Ni ma ban gani ba, Ladi. Amma wanda ya ba da Ɗansa domina ba zai yi wasa da ni ba. Namu kaiwa ne, abin da zai yi da shi kuma nasa ne." Ban gamsu ba ko kaɗan, amma da yamma na ɗauki kwano.

A 1977 ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Kullum na dawo sai ya ɗaga kai ya leƙa cikin kwanon, ya ga ba komai, ya mai da kai ya kwanta. An aika wa Iya cewa jikin ya yi tsanani, ta ce ba ta da ɗa mai wannan suna. A Wusasa aka binne shi, ba ko mutum ɗaya daga danginsa. Ba a jima ba Baffa, yayan Baba, ya aiko cewa 'ya'ya na dangin uba ne, Inna ta haɗa mana kayanmu. Inna ta yi kuka, ta yi addu'a, sannan ta hura wuta ta tuƙa tuwo, ta miƙo mini na Iya.

Na tarar da Baffa a tsakar gida yana maganar ɗakin da za a sa mu. Iya ta karɓi kwanon, ta daɗe tana kallon kwatar, sai ta zauna a tabarma ta wanke hannu ta fara ci. Ba ta ko dubi Baffa ba ta ce, "Ku bar mata 'ya'yanta. Matar da ba ta gaji da ni ba, ba za ta gaji da su ba." Da ta gama ta zuba soyayyar gyaɗa a kwanon, irin wadda Baba yake so, ta ɗora mini a ka. Na fito ina tafe ina kuka, don wanda ya fi kowa jiran wannan gyaɗa yana ƙarƙashin ƙasa.

Yau jikokina ba su san ciyayya ba, kowa ya rufe ƙofarsa ya ci nasa. Ni kuwa har yanzu in na ga kwano a kife sai zuciyata ta koma lungun nan, in ji ina marmarin muryar Baba a zaure. Na daɗe ina tambayar Ubangiji me ya sa bai bar shi ya gani ba, bai kuma ba ni amsa ba. Abin da na sani dai, tuwon da na ɗauka asara ne, shi ya bar mu a ɗakin uwarmu.