Mai Wankin Randar Inabi

Da sassafe, saura kwana uku a fara tsinkar inabi a yankin Kakheti, wani dattijo yana tuɓe takalmi a bakin wata ƙatuwar randar haɗa giya da aka binne a ƙasa har wuya. Siriri ne, gashin bakinsa fari fat. Matarsa na tsaye a kansa.

"Giyar bara tsami ta yi, Shalva! In ta bana ma ta lalace, 'ya'yanka tankin ƙarfe za su sayo, su cike randunan kakanka da ƙasa."

"Riƙe mini tsani, Lamara, ki bar wa'azi."

Yana sauka ba ya ko duban matakala. Da alama tun yana saurayi yake wannan shiga. Ba a jin komai sai kartar ɓawon itacen da yake gogawa a jikin yumɓu. Sau bakwai ana zuba ruwa ana kwashewa.

Da la'asar ya fito sharkaf, riƙe da kofin ruwan ɗauraya na ƙarshe. Randa ba ta wanku ba sai mai wankin ya yarda ya sha ruwanta. Ya ɗaga kofin a rana, garau, ya shanye tas.

"Je ki ce wa yaran, in an tsinka su kawo inabi."