Laptop ɗin Yaya Nura a Buhun Gero

'Yan uwa, yau saura ƙiris in gudu in bar Daura!

Ina kunna laptop ɗin Yaya Nura na ga allo baƙi ƙirin, sai ɗan farin rubutu.

Manhajoji biyu masu tafiyar da kwamfuta, Windows da Linux, ne a cikinta. Ni wurin zuba bidiyon koyon ɗinki nake nema. Ɗazu na buɗe inda aka raba ma'ajiyarta gida-gida, na ga wani ɓangare ko suna babu. Na ce kango ne, na goge. Ashe nan Linux yake, da aikinsa na gama makaranta!

Na ruga wurin Inna ina kuka. Ta ce, "Wayar Hadiza maƙwabciyarmu da ta faɗa ruwa ba a shinkafa ta warke ba? Shinkafa ta ƙare, tura ta buhun gero."

Wallahi na tura!

Yaya ya dawo daga Zango. "Ina laptop ɗina?"

Inna ta ce, "Tana jinya."

Sai ƙarfe huɗu, yana karkaɗe gero daga madannai, ya ce, "Ke Bilki, kwantar da hankalinki, na kwafe komai a filas ɗina. Amma geron nan ke za ki tsince shi ɗaya-ɗaya."