Zafin Inji a Hanyar Gyallesu

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ana gab da azahar, surukar autata ta aiko daga Gyallesu cewa yarinyar tana kan gwiwa tun asuba, abin ya ƙi gaba. Haihuwarta ta fari ba ta zo da rai ba, kuma ranar ba na kusa. Tun daga lokacin na ce ba za a sake yi babu ni ba.

Ni ban yi boko ba. Waina nake toyawa a Ƙofar Jatau, ina kuma karɓar haihuwa. Amma ina da ido. Tun da ɗana na tsakiya ya fara acaɓa nake kallonsa a zaure yana ɗura wa babur baƙin mai na kwalba, irin na bakin titi. Wata rana na dangwala yatsa na murza, na ji shi ruwa-ruwa. Na gaya masa man da ba shi da jiki ba ya jure wuta, balle a wannan rana. Ya yi dariya, wai inji ba tanda ba ce.

Shi ya ɗauke ni. Na zauna a karkace, na rungume ƙwaryata mai reza da zare da sabulu, na rufe ta da faifai. Tun kafin mu fita ganuwa na ji zafi yana dukan idon sawuna. Can sai ƙauri, sai wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Hanya shiru, azumi ya kwantar da kowa. Ba mota, ba wani babur. Da wannan gwiwar tawa, in na ce ƙafa zan bi, sai la'asar. Wani dattijo mai faci kaɗai muka gani a gindin darbejiya, da tulunsa na alwala naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ɗana ya tura babur can, ko sallama bai gama ba ya sunkuci tulun.

Na ce, "Ajiye."

"Inna, minti biyu ya huce mu wuce. Kowa haka yake yi."

"Ka taɓa ganin na sheƙa wa tanda mai zafi ruwan randa? Ajiye na ce."

Ya juya wajen dattijon yana neman mai goya masa baya. Shi kuwa ya ce ya ga waɗanda suka zuba suka tafi lafiya, ya kuma ga injin da ya tsage a nan gabansa, aka ɗauke shi a amalanke. In ya tsage, yau ba inda za mu. In aka bar shi ya huce da kansa, zai tashi, sai dai ba yanzu ba.

Ɗana ya dire tulun. Bai dube ni ba ya ce, "In wani abu ya same ta muna zaune a inuwa, Inna, ke kika ce a jira."

Bai taɓa yi mini magana irin wannan ba, kuma ba ƙarya ya faɗa ba.

Na cire faifan na durƙusa ina yi wa injin fifita, yadda nake yi wa murhu, sai dai yau kashe wuta nake nema. Dattijon ya kwance wani noti a ƙasa, man ya tsiyayo baƙi ƙirin, ɗan kaɗan, yana tururi. Ya fito da mai iri biyu, na kwalba da na gwangwani, ya tambayi wanne za a zuba. Na sa yatsu na murza kowanne. Na gwangwanin ya kama yatsa yana jan zare.

"Wannan, Malam."

Na jiƙa hannu na yarfa wa injin ɗigo ɗaya. Ya yi tsalle ya ɓace. Na ci gaba da fifita, kafaɗata kamar za ta cire, maƙogwaro a bushe. Aka kira azahar. Na sake yarfawa, ya yi cuu. Ina lissafin awannin da yarinyar ta yi a durƙushe, lissafin bai yi mini daɗi ba. A karo na huɗu ɗigon ya zauna, ya gangara a hankali.

Dattijon ya zuba man, ɗana ya hau ya buga sau uku, bai tashi ba. Ɗana ya share gumi ya yi bisimilla. A na huɗu ya kama. Na ce ya tafi a sannu, ko da zuciyata ba haka take so ba.

Daga ƙofar gida na jiyo nishinta. Zan faɗa ɗaki ke nan na ga hannuwana baƙi har farce. Dole na tsaya a tsakar gida ina dirzawa da toka da sabulu har sau uku, surukarta tana cewa in yi sauri, kai ya fito.

Cibiya ta naɗe wuyan sau biyu. Na zura yatsa na warware, jaririyar ta suluɓo hannuna, shiru. Na kwashe mata majina, na murza bayanta, na sake murzawa. Autata ta ɗago kai tana kallon fuskata, ni kuwa na ƙi yarda mu haɗa ido, har sai da 'yar ta ja numfashi ta tsala kuka.