Ni da Teɓata da Shirun Asusun Lafiya

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Saint-Denis, a gefen Paris, bayan na gama karatu, na yi ƙibar da har abokaina suka daina kirana da sunana, sai Alhaji. Ban je Makka ba, ko keke ban ajiye ba, teɓa kawai ta ba ni sarautar. In na tura hoto gida Maradi sai a yi ta sa albarka, wai Faransa ta karɓe ni. Ni kaɗai na san abin da nake ji a matakalar metro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai na tsaya a tsakiya na ciro waya ina dubawa kamar wani muhimmin saƙo ya shigo, alhali numfashi nake nema.

Abin ya tashi daga wasa ranar da likitata ta ce ina da ciwon sukari, ga hawan jini a kai. Ciwon sukari shi ya yi ajalin mahaifina, bayan an yanke masa ƙafa, kuma a gabana abin ya fara, daga ɗan rauni a yatsa da ya ƙi warkewa. Na tsorata ƙwarai. Na bar tuwo, na bar burodi, na sayi takalman gudu masu tsada waɗanda har yau suna nan sababbi. In na rage kaɗan, sai jikin ya maido abinsa har da riba. Daga ƙarshe likitar ta tura ni wurin wani likitan tiyata a Paris, wanda ya ce za a iya yanke wani sashe na tumbina ya zama ƙarami. Amma aikin ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, sai in asusun lafiya na gwamnati ya yarda zai ɗauki nauyi. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ni kuwa ga ni ina roƙon gwamnatin wasu ta yarda a huda nawa.

Kafin ma a kai ga roƙon, sai da na shafe watanni ina zarya. Na ga mai tsara abinci, wadda ta tambaye ni mene ne fura, na yi mata bayani har ta ce ya isa. Na ga likitan ƙwaƙwalwa, na ga na zuciya, an ba ni wata na'ura ta taimaka mini da numfashi in ina barci. Wanda ba zan manta ba shi ne tiyon da aka zura mini ta baki har ciki don a leƙa. Na fito ina rantsuwa cewa ni da wannan tiyo sai a lahira, in ma akwai shi can. Duk wannan ban gaya wa kowa ba sai abokina guda, wanda muka zo karatu tare. Kunya nake ji a ce ƙato kamata ya kasa riƙe bakinsa sai an sa masa wuƙa.

Ranar da likitocin suka amince a tsakaninsu, likitan tiyatar ya ce yanzu zai aika da buƙatar ga asusun. A daidai lokacin kuwa na samu aiki a Lyon, ranar ma ina saurin kama jirgin ƙasa don in je ganin ɗakin da zan kama. Sakatariyarsa tana magana ina kallon agogo. Ni da na yi digiri biyu da Faransanci, ban taɓa zaton wata jimla za ta wuce ni ba, amma matar nan tana zuba kamar famfo. Na tsinci kalma biyu, "babu amsa" da "yarda", sai kuma "ka kira mu". Kaina ya haɗa mini su yadda ya saba: in babu amsa babu yarda, in amsa ta zo ka kira mu. Na ce na gane, na yi godiya, na fita.

Na tare a unguwar Minguettes, a gefen Lyon, na shiga jira. Kullum in na dawo daga aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai tallan piza, kamar da gayya. Da shirun ya yi yawa sai na ce lalle amsar ta tafi tsohon gidana. Na sa abokina ya riƙa zuwa yana tambayar wanda ya gaje ɗakin, wani bawan Allah mai haƙuri. Zuwan ya yi yawa har suka zama abokai, suna kallon ƙwallo tare, amma wasiƙa ko ɗaya.

A inda na taso, shiru daga biro, wato ofishin gwamnati, ma'anarsa ɗaya ce: takardarka na kwance a ƙarƙashin wasu, kuma za ta ci gaba da barci har sai ka tashe ta da ƙafarka. Don haka na ɗauki rabin yini a wurin aiki na tafi ofishin asusun a Lyon. Na bi layi, na gaishe da matar da ke wurin gaisuwa irin ta gida, har sai da ta ɗago ta dube ni. Ta duba na'urarta ta ce ba ta ga an ƙi ba. Na ce to an yarda ke nan? Ta ce ita dai ba ta ga takardar ƙi ba, ta tambaye ni yaushe aka aika, na faɗa mata. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To ai se bon, mushe."

Ku da kuka san Faransanci kun san "mushe" malam ne kawai, amma "se bon" fuska biyu gare shi. Yana nufin abu ya yi, yana kuma nufin ya isa haka, a ba na baya wuri. Akwai mutane a bayana suna ta gyaran murya, ni kuma na riga na shigo da baƙin labari a raina, sai na ɗauki na biyun. Na fito na tsaya a bakin titi ina juya maganar. Ba a ƙi ba, ba a kuma ce an yarda ba, an ce in tafi. To ina dosiyen, wato tarin takarduna, yake? Paris ta riƙe ne don na bar ta, ko Lyon ce ba ta san da ni ba tukuna? Har na fara tunanin ko irin wannan alfarma ba a yi wa baƙo mai katin zama, kunyar faɗa mini kawai suke ji.

Asibitin kuwa ban kira ba. An ce in kira in amsa ta zo, amsa ba ta zo ba, in kira in ce me? Ban so a ce ga wani ɗan Afirka mai naci.

Ana cikin haka takalmi ya ji mini ciwo a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi kamewa. Kullum da safe sai na zauna a bakin gado na kwance bandejin ina dubawa. Na kira abokina na ce masa ni fa na ga hanyar da baba ya bi, kuma ga ni a kanta. Ya ce da ɗan gari akan ci gari. Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana aiki a wata babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, ba wanda bai sani ba, mu je ya sa baki.

Na sa babbar rigata, na ɗauki kilishin da aka aiko mini daga gida wanda likita ta hana ni ci, na hau jirgi. Dattijon ya karɓe mu hannu bibbiyu, ni da abokina. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ya gano ya san kawuna. Da na zo kan maganar sai na kasa fitowa fili, na ce wata 'yar takarda ce ta lafiya ta maƙale a asusu. Ya tambaye ni wace iri, na ce ta ɗan aiki ne a ciki. Dattijo mai kawaici, bai ƙara tambaya ba. Ya ce shi a shekarunsa a ƙasar nan bai taɓa sanin ko mutum ɗaya a wannan asusu ba, bai ma tabbata akwai mutane a ciki ba. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya karɓi kilishi. Da a ce na buɗe baki na faɗi sunan aikin, wataƙila da an warware mini a zaman nan, amma na fito da ruɗanina yadda na shiga da shi.

A ƙofar gidan na yanke shawara. Tunda Paris ta yi watsi da ni, bari in je asibitin in karɓi dosiyena, in sake sabon lale a Lyon. Washegari na shiga da fuskar wanda aka zalunta. Sakatariyar na ganina ta ajiye abin da take yi, ta leƙa ta kira likitan. Ya fito yana tambaya ina na shiga. Ya ce sun aika mini da saƙo ta adireshin intanet na jami'a, wanda na daina buɗewa tun da na bar makaranta, da suka ji shiru sai suka ɗauka na tsorata na fasa, don ana yawan yin haka. Na ce ni da nake jiran amsar asusu?

"Wace amsa?" in ji shi. "Ai in sun ƙi ne suke rubutowa. In mako biyu ya wuce ba su ce komai ba, sun yarda ke nan. Tun kafin ka gama kwashe kayanka zuwa Lyon aka amince maka."

Na nemi kujera na zauna. Na sa ya maimaita, ya maimaita, sakatariyar ta ce ai ta gaya mini ranar, na kuma ce na gane. Gaskiyarta. Wato su sun yi shiru suna nufin e, ni na yi shiru sun ɗauka a'a nake nufi, muka zauna wata da watanni kowa na jiran kowa. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Likitan ya duba ƙafata ya ɗaure fuska, ya ce sai ta warke kafin a sa rana, kuma wasu gwaje-gwajen sun tsufa sai an sake. Na tambaya da ƙaramar murya ko har da tiyo. Ya ce har da tiyo.

Ƙafa ta warke da kyar, aka sa rana. Saura abu ɗaya da na yi ta ɗagawa, wato gaya wa mahaifiyata. Ba zan shiga ɗakin tiyata ba da izininta ba, kuma na tabbata ba za ta bayar ba. Ita ce kullum mai cewa na yi kyau a hoto, kuma tun rasuwar baba ko sunan asibiti ba ta son ji. Na kira ta wata Juma'a bayan na dawo daga masallaci, ina hawa bene. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa mata duka, har da sukarin da na ɓoye mata.

Ta yi shiru. Na duba wayar ko ta yanke, ba ta yanke ba, ina jin kukan awaki a bayanta. Na tsaya a kan matakala ban san wane irin shiru ne wannan ba, na can ko na nan. Da na gaji na ce, "Inna, kin yi shiru."

Ta ce, "Jira nake ka gama haki, ɗan nan. Shekara nawa ina jin numfashin nan naka a waya? Haka na mahaifinka ya koma, na san shi. Ban faɗa ba ne don kada in ɗaga maka hankali kana ƙasar mutane. Je ka a yi maka, Allah ya sa a tashi lafiya."

Na zauna a kan matakalar na yi kuka sosai, har wata maƙwabciya ta buɗe ƙofa ta tambaye ni ko a kira motar asibiti.

An yi aikin, an tashi lafiya. Sukari ya sauka, sarautar Alhaji ta tafi, yanzu in na tura hoto gida sai a bugo ana tambaya ko aikin Lyon wahala gare shi. Abin da ya rage mini shi ne wata ɗabi'a da ke ba abokan aikina dariya: in aka yi mini bayani a biro ko asibiti, ba na tashi sai na maimaita da bakina, na tambaya in an ji shiru me ke nan. Na sha ba da labarin asusun a wurin shan shayi, ana dariya har da riƙe ciki, ni ma ina taya su. Na Inna ne ban cika bayarwa ba. Har yau in na tuna shekarun da na yi ina ce mata lafiya lau, tana amsa mini da madalla, alhali tana sauraren ƙirjina, sai abincin da ke gabana ya fita raina, ga shi dama ɗan kaɗan ne.