Yaƙubu, Sarkin Noman Teku

Duk wanda ya saba bi ta tashar manyan motoci ta Madawa da sassafe ya san Yaƙubu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai farar hula da ke zagaya kamiyo da guntun ƙarfe a hannu, yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. In ya gama sai ya ja igiyoyin da aka ɗaure buhunan albasa, ya yi tsaki ko da sun ɗauru, sannan ya zauna ya sha shayi kofi biyu, ya faɗa wa mai shayin cewa na jiya ya fi. Shekara talatin da huɗu yana haka, yana kwasar albasar Adar yana kai ta Kwatano. Watan jiya gwiwa ta ce ta gaji, ya miƙa makulli.

Ni Idris, wanda 'yan Buza ke kira Mushe, wato malamin boko, saboda na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a makarantar lakwal, na ga ya kamata in faɗi abin da na sani a kansa tun yana ji da kunnensa. Mu dai gwanaye ne wajen yabon mutum bayan an rufe shi da ƙasa, lokacin da ba zai iya tashi ya ce mun ƙara gishiri ba.

Ba tuƙinsa zan yaba ba, masu tuƙi suna da yawa. Wata al'ada ce tasa. In an sauke albasa, akan yi kwana biyu ana jiran kayan komowa, sauran direbobi su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota su yi ta karta. Shi kuwa sai ya tattara duk ɗan Adar da bai taɓa ganin teku ba, ɗan kasuwa ne ko ɗan ci-rani, ya zuba su a bayan kamiyo, ya kama wata hanyar rairayi da ta yi yamma tsakanin itatuwan kwakwa. Sai an yi awa biyu ana girgiza kafin a kai wani ƙauyen masunta da babu shi a taswirar da na yi shekaru ina nuna wa yara da sanda. Ba ya karɓar ko dala. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ba ka zuwa garin mutum ka komo ba ka gaida maigida ba. Ƙasar ga, ruwa shi na maigida."

Yana da tsarinsa, kuma ba a yi masa gardama. Da farko zai tsayar da kai kan tudu, ya hana ka magana har sai idonka ya cika. Sannan ya kai ka wurin kwale-kwalen da aka zana wa idanu a goshi, ya sa ka kama igiyar taru tare da masunta suna waƙa kana nishi. Akwai wani tsohon gida na Turawa da rufinsa ya faɗi, da igwa mai tsatsa a ƙofa wadda awaki suka mayar wurin hutu. Akwai kuma matan da ke dafa ruwa a manyan tukwane har ya zama gishiri, kuma a nan 'yan Adar suka fi daɗewa, domin mu a saninmu gishiri a bayan raƙumi yake zuwa. Ya taɓa kai wani mai ginin rijiya na Keita, mutumin ya dubi ruwa iyakar ganinsa, ya zauna a ƙasa ya ce shi an cuce shi, gaba ashirin yake haƙa kafin ya ga danshi. Wani kuma ya cika bido biyu, jarkokin nan na roba, da ruwan teku ya ce tsarabar shayi ce. Yaƙubu ya bar shi ya ɗora tukunya, don wani karatun sai da harshe.

Yaƙubu, kai ne direban da ya san cewa fasinja ba buhu ba ne. Mutane nawa ne a Madawa da Buza da Keita in an ce teku suke gyara zama su ce "na gan shi", albarkacinka?

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekara goma da suka wuce, a tafiyar da ni ma na fara gani da idona.

A cikinmu akwai wani dattijo, Barmo, manomi daga Tabotaki. A kwarinsu ba a shuka sai an ji ta bakinsa. Yakan damƙi ƙasa ya shinshina ya ce a jira kwana uku, kuma a jira. Sai ga shi damina biyu a jere ƙorama ta yi ta cin gonarsa har ta bar masa kwazazzabo da duwatsu. Ya biyo motar Yaƙubu ne don ya nemi aikin gadi a Kwatano, yana da shekara sittin da 'yan kai. Gona ta tafi, abin da ya rage masa a duniya shi ne sunan nan na mutumin da ya san ƙasa. Kuma kowa ya san garuruwanmu: in suna na ba'a ya kama ka, har jikokinka sai sun amsa shi.

Da hantsi aka kai mu inda wani kogi ke shiga teku. Sauran suka tsaya shan ruwan kwakwa, ni da Barmo muka ɗan yi gaba. Muna zagaya wasu itatuwa sai ga fili shimfiɗe, baƙar laka mai sheƙi, ruwa ya janye ya bar ta, babu shinge, babu turke, babu ko sawun mutum. A wurinmu, in tabki ya ja baya, wanda ya riga kafa turke shi ke da wurin, ya zuba wake da rogo da kabewa. Barmo ya tsaya cak.

"Mushe, wanga wuri na wa na?"

"Ban sani ba, Baba."

"Hwadama awa wagga, an bar ta kwance? Mutanen ga kihi ya lalata su."

Ya tuɓe takalmi, ya kakkarya rassa, ya ce in riƙe masa. Ya kwance bakin rawaninsa, ashe akwai irin wake ƙulle a ciki. Ya shiga laka yana auna taki yana kafa turaku, fuskarsa ta koma ta saurayi. To, a nan sai in tona kaina. Shekara goma sha biyar ina koya wa yara cewa ruwan teku yana janyewa yana komowa sau biyu a yini, har da sunansa na Faransanci, har da bulala ga wanda ya manta. Ranar da na gan shi ido da ido ban gane shi ba. Ina tsaye ina miƙa turaku, har ina ba da shawarar a ƙara ta gabas.

Yaƙubu ne ya fara hango mu. A bayansa, da ɗan nisa, sauran suna tafe, a gabansu Mahamud, wani dillalin albasa da bai taɓa ganin abin dariya ya bar shi ya kwana ba, ga kuma salula mai ɗaukar hoto a aljihu. Yaƙubu ya dube mu, ya waiwaya ya dube su, sai ya naɗe ƙafar wando ya faɗa cikin laka da takalminsa. Ina kusa, na ji abin da ya raɗa.

"Baba, ruwan ga bai tahi ba. Kahin la'asar shina komowa, har nan inda muke. Kullum haka shika yi."

Barmo ya daskare, irin wake a tafin hannu. Na ga lokacin da ya gane, na ga lokacin da ya hango masu zuwa, kuma wallahi har yau in na tuna fuskar sai zuciyata ta karye.

Yaƙubu ya wafce irin daga hannunsa, ya ɗaga murya yadda har masunta sai da suka juyo.

"Haba Baba Barmo! Na ji, ka ce ba ta yi, ka ce gishiri na! To ni sai na gwada. Shekara ashirin ina kallon hilin ga. In ba ka kama mini, hita ka ba ni wuri!"

Dattijo ya fito a hankali. Koda Mahamud ya iso ya ɗaga salula, abin da ta kama shi ne Yaƙubu, wanda ya fi kowa sanin teku, tsugune cikin laka yana binne wake da diddige yana bismilla, Barmo kuma a gefe yana girgiza kai. Yaƙubu bai tsaya nan ba, sai da ya sa muka jira. Bayan azahar ruwa ya taho salin-alin ya shanye gonar, ya tafi da turaku, ya haɗa da takalmin Yaƙubu ƙafa ɗaya. Yaƙubu ya ɗora hannu a ka yana salati, Mahamud na birgima a rairayi.

Hoton ya riga mu isa gida. Muna shiga tasha aka tarbe shi da "Sarkin Noman Teku", sunan kuma ya zauna daram. Shekara goma, daga Madawa har Keita, babu shingen jandarma da ba a tambaye shi labarin girbi ba. Amsarsa ɗaya ce: "Bana ma ruwa ya yi yawa." Matarsa Cima ta sha nata rabon a wurin biki da bakin famfo, mata na tambayarta ko za ta sammusu waken teku. Shi kuwa Barmo sai darajarsa ta ƙaru, ana cewa ko a bakin teku kallo ɗaya ya yi wa ƙasa ya ce ba ta yi. Bai karɓi aikin gadin ba, ya biyo mu ya dawo. Da aka tashi aikin jera duwatsu don tare ƙorama, shi aka sa a gaba, domin maganarsa ake ji. Yau rabin gonarsa ya dawo, na ci tuwon dawarta.

Ran da aka yi wa Yaƙubu walimar ajiye aiki a tasha, an ci an sha, Mahamud ya tashi zai maimaita labarin karo na dubu. Sai wani tsoho ya dogara sanda ya miƙe daga bayan taro. Barmo ne, ya hawo kabu-kabu tun daga Tabotaki.

"Mahamud, zamna. Ni na kahwa turakun nan. Iri nawa na, daga rawanina ya hito. Yaron ga ya ishe ni cikin laka, ya ɗauki kunyata ya aza bisa kainai, shekara goma shina ɗauke da ita bai taɓa ce mini ta yi nauyi ba. Ban so in mutu da kayan wani. In da mai dariya, ga ni."

Babu wanda ya yi. Har mai shayi ya bar zuba. Yaƙubu ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa, ya ce, "Ku rabu da shi, tsuhwa na." Sai muryar Cima ta taso daga cikin mata: "Yaƙubu! Shekara goma ina shan ba'a bakin pompo, ashe ko gonar ba tamu ta ba?" Nan fa dariya ta ɓarke, Barmo ya fi kowa yi, hawaye na bin gemunsa. Barmon ne ya ce in rubuta, kuma ya ce kada in kuskura in manta da wanda ya riƙe turaku.

Yaƙubu, kai ne ka nuna mana ruwan da ya fi ƙarfin ido, ba ka taɓa barin ƙauyancinmu ya zama abin cinikinka ba. Mun gode. Allah ya huta da gajiya, ya ba gwiwa lafiya, ya ba Cima haƙurin abin da ya wuce. Ku kuma masu kai mutane inda ba su sani ba, direba ne kai ko malami ko ɗan da ya kai uwarsa birni, baƙo dole ya yi kuskure, kuma dole wani ya gani. In kai ne ka fara gani, kana da zaɓi biyu kafin sauran su iso: ko ka laluba aljihu ka ciro salula, ko ka naɗe wando ka shiga lakar.