Mai Neman Kukar Maƙera

Kakata Hajo ba ta san tatsuniya mai daɗi ba. In aka kai mu Tsibiri hutun lakwal, wato makaranta, da an gama tuwo sai ta ja tabarma bakin murhu, ta ce, "Ga ta nan, mai shirin kuka ya tashi tun yanzu." Ni take fara tsokana: "Kai mijin banza, matso nan!" Kuma ba ta buɗe baki sai mun jera mata sunayen garuruwa, na da da na yanzu. Wanda ya kuskure ya sha ranƙwashi. Wallahi na tsani ranƙwashin nan, amma ban taɓa tashi ba.

Labari guda ta fi maimaitawa. Wai akwai wani ƙauye bakin gulbi, tsakanin Maraɗi da Jiratawa, ana ce masa Kukar Maƙera. Zamanin yaƙe-yaƙe mahara suka sace ɗan wata mata ta gidan maƙera, sunansa Nomau, suka sayar da shi can arewa.

Bayan haka ƙasar ta canza hannu. Sabon sarki ya ba Ubandawakinsa ƙauyen kyauta. Shi kuwa ya sa aka sare kukar, sanƙira ya yi shela: daga yau sunan gari Garin Ubandawaki, wanda ya furta tsohon suna a bakin harshensa, kuma duk namijin gidan maƙera da ya dawo neman gonar ubansa a yanka shi. Wata dattijuwa ta yi suɓutar baki ran kasuwa. Aka yanke harshen, aka rataye shi a bakin rijiya har ya bushe.

Nomau ya fanshi kansa da furfura a gemu. Bai riƙe komai na gida ba sai sunan nan. Ya yi ta tambaya har ya faɗo bakin rijiyar, mata na jan ruwa, dogari na zaune a inuwa.

A nan Kaka take rage murya. "Ya ce, 'Sannunku da aiki. Don Allah, nan ne Kukar Maƙera?' Uwarsa tana cikin matan. Ta gane tsagar fuskarsa, ai ita ta riƙe shi ranar da wanzami ya yi ta. Dogari ya ce, 'Tsohuwa, baƙo na tambaya.' Ta cika ƙwarya ta miƙa masa, ya sha. Sannan ta dube shi ta ce, 'Ba mu taɓa jin wanga gari ba. Yi gaba.' Ya ce, 'Allah shi saka, Inna.' Ya kama hanyar Jiratawa."

"Sai me, Kaka?"

"Sai me kuwa? Ya tafi. Ku tashi ku ba ni wuri."

Ƙanwata kan fashe da kuka. Kaka ta harare ta: "Ke aka yi wa?"

Na girma ina ganin mugunta ce kawai irin ta tsofaffi. Da ta tsufa tukuf muka dawo da ita wurinmu a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Wata rana da hantsi ta sulale bakin titi tana tare 'yan kabu-kabu, wai su kai ta Kukar Maƙera. Na tarar sun zagaye ta suna dariya, ɗaya har yana ɗaukar ta a waya. Na ja hannunta, raina a ɓace.

A hanya ta gaya mini sauran. Ranar nan akwai yarinya riƙe da guga kusa da uwar Nomau, 'yar ƙanwarsa, ita ce kakar Kaka Hajo. Kafin tsohuwar ta rasu ta bar wasiyya: kada sunan ya fita daga gidanmu, don in jinin Nomau ya zo tambaya a samu mai ce masa nan ne.

Kaka ta rasu a daminar shekarar. Na nemi wurin. Nasara ya sake masa suna da ya raba ƙasa kanto-kanto, wato gunduma-gunduma, gulbi kuma ya cinye gidajen, mutanen suka watse. Na tambayi dattawan Jiratawa, na tambayi na Tsibiri, kowa ya girgiza kai.

'Ya'yana sun haddace sunan, ba tare da ranƙwashi ba. Amma abin yana cin raina. In jikan Nomau ya yi mini sallama yau, zan cika masa kofi ya sha, sannan ni ma in ce masa ban san wurin ba.