Filin da Matan Gari Suka Yi wa Magani

Ban taɓa mantawa da ranar da na dawo daga dogon hutu na tarar an shuka itatuwa a tsakiyar filin ƙwallona ba. Ku da kuke sababbi a aikin nan kuna yawan tambayata abin da ya fi ba ni wahala tsawon shekarun da na yi ina riƙe da wasannin makaranta. To, wannan ranar ce, da makonnin da suka biyo bayanta.

Lokacin ina aiki a wani kolej, wato ƙaramar sakandare, na ƙauye cikin gundumar Keita, ba nisa da Tamaske. Ga wanda bai san tsarin ba, ni ne malamin motsa jiki, kuma duk abin da ya shafi wasanni a wuyana yake: fili, kaya, horar da yara, da hulɗa da sufeton matasa da wasanni na gunduma, wanda shi ke yanke inda za a yi gasar makarantu kowace shekara. Filin nan ni da yara muka yi shi. Mun daɗe muna tsintar duwatsu, muna daɓe ƙasa, har ya zama sumul, ko ciyawa ɗaya ba ta fita. Ina alfahari da shi ƙwarai. Abu ɗaya ne, sandunan ragarmu na itace ne, don haka duk hutu sai in cire su in ajiye a aji saboda gara.

A shekarar, sufeto ya yarda a yi gasar a garinmu. Na daɗe ina bin sa kan wannan, don ina da dalili. Ina da ƴan mata huɗu masu gudun miƙa sanda, waɗanda na san ba su da na biyu a yankin. Iyayensu sun gaya mini ƙarara: in a gida ne su yi gudunsu, amma ba za su shiga mota su je su kwana wani gari ba. Dukansu kuma suna ajin ƙarshe. Ke nan in gasar ta bar garin, yaran nan za su gama makaranta ba wanda ya taɓa ganin abin da ƙafafunsu ke iyawa.

Na tafi gida Madawa hutu da kwanciyar hankali. Da na dawo farkon Oktoba, na sauka daga babur, na tsaya bakin fili baki buɗe. Daga wannan kai zuwa wancan ramuka ne masu siffar rabin wata, jere-jere, irin waɗanda ake haƙa don tare ruwan sama. Kowane rami ciyawa ta cika shi kore shar, a tsakiya kuma ga ɗan dashen bagaruwa an kewaye shi da ƙaya.

Na wuce ofishin daraktan makaranta kai tsaye. Sabo ne, Mushe Abdu (Mushe ake ce wa malamin boko a can), cikin hutun aka turo shi. Ya tarbe ni da fara'a, yana ba ni labarin kirkin mutanen garin: wai ƙungiyar mata ce ta zo ta ce ta ga makaranta da mataccen fako, za ta raya mata shi kyauta, shi kuma ya yi godiya har ya saya musu goro. Da na gaya masa abin da aka haƙa, ya dafe kai ya ce ai bai ga sanda ko ɗaya a wurin ba.

Wanda bai zauna ƙasar Keita ba ba zai gane ba. Mutanen nan sun ga ƙasarsu ta mutu, sun kuma tashe ta da hannunsu, yawanci da hannun mata, dutse bayan dutse. A wurinsu ƙasar da ba ta fitar da komai marar lafiya ce, kuma abin kunya ne a wuce ta a ƙyale. Shugabarsu, Inna Rakiya, tsohuwa ce doguwa mai kaifin baki, tun tana budurwa take wannan aikin. Ita ce kuma kakar Salamatu, wadda ta fi duk ƴan matana gudu.

Na same ta a ƙofar gida tana sheƙar gero. Bayan gaisuwa na roƙe ta, cikin ladabi iyakar iyawata, su taimaka a cike ramukan.

Ta ajiye ƙwarya ta dube ni. "Mushe, mi kac ce? Ramen da ya sha ruwa, icce ya kama ciki, shi za mu rufewa? Ba a taɓa yin haka garin ga ba, kuma ba kaina za a fara ba."

Na ce mata filin ba mutuwa ya yi ba, da gangan muka bar shi haka, don yara su yi gudu. Ta yi dariya har da tafi, ta ce dama an ce mutanen Madawa in ba albasa ba ba su san darajar ƙasa ba. Na je wurin maigari, shi ma ya ce in dai itace ya kama, ba shi da bakin cewa a tumɓuke. Abin da zai iya shi ne ya ba mu tudun da ke bayan makaranta. Tudun nan dutse ne zalla, ko akuya ba ta daɗewa a kansa.

Ana cikin haka sufeto ya zo duba shiri. Ya zagaya ramukan, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce zai mayar da gasar Keita. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Ya tambaye ni ko ina da injin ture ƙasa. Na ce ba ni da shi, amma in ya dawo bai tarar da fili ba, ya kai gasar inda ya ga dama, ba zan ƙara ce masa komai ba. Ya yarda, ina jin don ya rabu da ni ne.

Washegari na mayar da darasin motsa jiki ɗaukar dutse. Kowane aji in lokacinsa ya yi, tudu muke hawa da kwanduna da tsofaffin buhuna. Da yamma in an tashi, ni da duk wanda ya ga dama mu ci gaba. Mushe Abdu, Allah ya saka masa, yakan tuɓe babbar riga ya shigo, kunya na cin sa. Amma gaskiya aikin ya fi ƙarfinmu. Ka cire dutse ɗaya, ka tarar da babansa a ƙarƙashi. Bayan mako biyu na tsaya na duba abin da muka share, bai kai tsakar gida ba. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ban bari yara sun gani ba, na ce gobe ma da sassafe.

Ƴan matan nan huɗu ba su taɓa fashi ba, har hannayensu suka farfashe. Abin da ya kawo Inna Rakiya tudun ke nan wata yamma, ta zo ta tafi da jikarta, tana faɗa tun daga nesa wai an mayar mata da yarinya jaka. Salamatu ba ta ajiye kwandonta ba. Ta ce, a hankali, "Inna, ku kunka haƙe wancan. In wanga bai tashi ba, ni da gudu har abada."

Tsohuwar ta dubi hannun yarinyar, ta dubi tulin duwatsun da muka tara a gefe, ta ja tsaki ta ce ko zubar da dutse ba mu iya ba. Sannan ta juyo gare ni da sharuɗɗa: in rani ya yi, yaran makaranta ne za su riƙa ba itatuwan ruwa, kuma dutsen da aka cire ba za a watsar ba, za a jera shi ta saman tudu don kada ruwa ya yanka ƙasa. Na ce na yarda, amma ni ma ina da nawa: in filin ya tashi, ba magirbin da zai taɓa shi, ko ina gari ko ba na nan.

"Wanga kam ban yi maka alkawali ba," in ji ta. "Sai na ga abin da kuka yi da shi."

Da aka gama sussuka suka zo, mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa, da gammo da waƙa. Mazan ma da suka ji kunya suka kawo amalanken jaki suka ɗebo yashi daga ƙorama. Ni kuma ina gaba da igiya ina auna iyaka, muna ta rigima da Inna Rakiya, don duk inda ta ga ƙasa mai laushi sai hannunta ya yi mata ƙaiƙayi.

Sufeto ya dawo ya auna. Filin ya ɗan gaza tsawo, kuma yana da gangare ta gabas. Ya fara kaɗa kai. Na ce masa ai shi ya sa ake canza gefe in an dawo hutun rabin lokaci, kowa zai hau, kowa zai gangara. Ya sake duban gangaren, sannan ya ce in kafa sandunana.

Ranar gasa garin kaf ya fito. Yaranmu na ƙwallo an lallasa su, ba zan ɓoye muku ba, watanni ba su taɓa ƙwallo ba sai dutse. Amma da aka zo gudun ƴan mata, Salamatu ta karɓi sanda tana ta uku, ta wuce ta biyu a kwana, ta kamo ta farko dab da layi, ta riga ta tsallakawa. Ina busa usur idona na kan wani abu daban: Inna Rakiya, zane a ɗamare, tana bin gefen fili da gudu tana guɗa, ta manta da tsufa.

Da jama'a suka watse ta zo inda nake. Ta buga ƙafa a ƙasar, ta ce, "Mushe, har yanzu tausai taka ba ni. Amma na bar maka ita."

Abin da na koya shi ne, fili ba ya zama fili don ka daɓe shi, sai mutanen gari sun ga abin da ake yi a kansa sun yarda. Duk inda aka tura ku, ku kira iyaye su zo kallo tun da wuri, kuma ku bar sandunanku a tsaye. Na koma garin bara. Inna Rakiya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Tsohon filina ya zama kurmi, yara na karatu a inuwarsa. Na hau tudu na duba ko'ina, damina da yawa sun wuce, ban ga rami ko ɗaya ba.